Tsohuwar da Ta Ji Hausa

Talata da dare, unguwar Ainu Shams

Har yanzu kunya ba ta sake ni ba. Ɗazu da la'asar ni da abokina Mamman Sani muka je unguwar Ma'adi kallon wata tsohuwa 'yar ƙasar Sin mai zana rubutu. Ta tsaga bakin burushinta gida uku, ta ɗan dangwali tawada, ta ja shi kusan a bushe, layin ya fito kaca-kaca. Ni da nake taƙama da iya rubutun Larabci, sai na raɗa wa Mamman Sani, "Wannan ai kaza ce ta taka tawada."

Tsohuwar ta ɗago kai, ta ce da Hausa, "Malam, zo ka gwada." Ashe ta daɗe tana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo.

Na karɓi burushin, na ɓata mata takarda. Na ce, "Ki yi haƙuri, Mama."

Ta ce, "Ba komai. Sunan mijina nake rubutawa. Tun da ya rasu bara, ba na iya rubuta shi da layi mai santsi."