Kwalbar Mayonez Da Makanike Ya Aiko Min

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Taksin yayana nake ja a nan Yawunde. Da damina ruwa ya cika hanyar Elig-Edzoa, na kutsa ciki, tun daga nan motar ta yi nauyi. Sai na sayi maganin wanke inji, wanda ake zubawa a baƙin mai kafin a juye shi, na kai wa Buba makaniken gidanmu a unguwar Briqueterie. Ya buɗe murfin mai ya leƙa, ya ce akwai mayonez, shi ba zai zuba ba, ya koma ƙarƙashin wata mota abinsa. Ni kuwa burodi da mayonez ne a hannuna ina ci, na ɗauka ba'a yake min a gaban mutane, don dama mutumin ya iya raini. Na zage shi, na zo gida na zuba da kaina. Ko unguwar Madagascar ban kai ba inji ya buga.

Ashe mayonez a bakin makanikai farin kumfan nan ne da ke fitowa in ruwa ya shiga mai. In ka zuba maganin a kai ba ya wanke komai, cakuɗewa yake da ruwan, datti ya dunƙule kamar kindirmo ya toshe hanyar mai. Me zai rage shi in ya yi min wannan bayanin da Hausa?

Da Yaya ya tambaya na ce Buba ne ya zuba. Yaya ya je ya yi masa tas, ya kwashe motocinsa daga garejin, ya zuga abokansa su ma suka daina zuwa. Buba bai tona ni ba, kuma shirun nan ya fi ƙona min rai, don a masallaci murmushi yake min. Jiya ya aiko min da kwalbar mayonez sabuwa fil, a gaban Yaya aka miƙo min. Yaya ya juya ta ya juya ta, ya ce gobe bayan Juma'a zai je ya ji ma'anarta.

Masu wa'azi ku riƙe abinku, na san ƙarya na yi. In na faɗi gaskiya Yaya zai karɓe makulli, da motar nake ciyar da iyalina. In riga Buba faɗa, ko in je in durƙusa wa mutumin da ko ganinsa ba na son yi?