Majinginar Inna

Kontagora, Lahadi

Adda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Kawu da duk mutanen ruga. Yaya damina, yaya shanu? Na ba direban Zugurma wannan takarda ya bayar a kawo muku, tunda wayarku ba ta shiga sai an hau tudu.

Albishirinki. Likitocin ido sun sauka a garin nan, suna cire yanar ido kyauta, kuma ba daɗewa za su yi ba. Na kwatanta musu idon Inna, sun ce a kawo ta. Adda, raina na ɓaci duk lokacin da na tuna ranar sunan ɗana Ɗayyabu, da aka kai mata shi ta dinga shafa fuskarsa da hannu tana tambayar wa ya biyo.

Na san mota ba ta shiga wajenku yanzu, na kuma san Inna ta rantse ba ta ƙara hawa bayan ɗan acaɓa tun da wancan ya kayar da ita a rafi. Saura babur ɗin mijina Zaidu. Kafin ki ce komai, na sani: Inna ba za ta riƙe surukinta ba ko da za ta faɗo. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta taɓa rigarsa. Shi ya sa ya kai babur ɗin wurin Abdulwasiu mai walda, aka yi masa majingina a baya, ƙarfe mai ƙwari, aka sa soso aka rufe da leda. Jingina kawai za ta yi. Ni na hau aka gwada, daidai wa daida. Zaidu yana nan tafe jibi.

Ƙanwarki,
Khairat

Ruga, Talata

Khairat,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai ruwa da ya hana mu sakat.

Ga mijinki nan na dawo miki da shi, shi da majinginarsa, ba Inna. Kin ce ke kika hau aka gwada? Ai mun gani! Da ke aka auna, ke da kike manne masa kamar kaska in kun hau. Wurin da kuka bari ko ɗan akuya aka ɗora sai ya dafa bayan Zaidu.

Bari ki ji yadda aka yi. Ya iso jiƙe sharkaf, ya cire takalmi tun daga bakin shinge, ya durƙusa ya gaishe ta yana kallon ƙasa. Inna ta shirya tun asuba, har da zanen nan nata mai ruwan bula. Na kama hannunta zuwa wurin babur. Ta shafa majinginar, ta danna soson, ta ce, "Wannan aiki ya yi kyau." Sai ta auna da tafin hannu daga majinginar zuwa mazaunin direba. Ta ce da ni, "Ki ce wa mai babur ya sha nono kafin ya koma." Ta juya ta shige ɗaki.

Kawu ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, wai ido ya fi kunya. Na yi dariya da farko, amma da na leƙa na same ta zaune da zanen a jikinta ba ta cire ba, sai dariyar ta ƙare mini. Tana so ta zo, Khairat. Jiya da take juye madara rabi a ƙasa ya zube, ta ɗauka ban gani ba.

Ku san abin yi.

Addarki

Kontagora, Laraba

Zuwa ga Adda,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. A gaida Inna, a ba ta haƙuri. Kuskuren nawa ne, ban yi tunanin wadda za ta zauna ba.

Daga wajenku ban biya gida ba, wurin Abdulwasiu na wuce. Da na yi masa bayani ya riƙe baki ya ce, "Kai, da ka gaya mini suruka ne tun farko! Mu ma haka ne a wurinmu." Ya yanke waldar, ya mayar da majinginar can ƙarshen kariyar ɗora kaya, ya ƙara ƙarfe a ƙasa don kada ta lanƙwashe. Ya kuma yi mata mariƙi biyu, dama da hagu, inda za ta sa hannu. Wannan karon da buhun masara a tsakani muka auna.

Likitocin za su tashi ranar Asabar. Zan zo gobe da sassafe in Allah ya yarda. Ina roƙon ki ɗaure kayan Inna a ƙulli ɗaya babba, shi za mu sa a tsakaninmu. Zan tafi a hankali, duk inda akwai rafi zan sauka in tura.

Na gode.
Zaidu

Kontagora, Asabar

Adda,

Salamu alaikum. A gurguje nake rubutu, direba na jira.

Sun iso lafiya, Inna a jingine kamar matar gwamna, hannu biyu a kan mariƙi, ƙullinta a gaba. An yi aikin jiya. Yau da safe aka cire audugar, na miƙa mata Ɗayyabu. Ta daɗe tana kallonsa, ni kuwa kuka nake, ban ɓoye ba.

Can sai ta ce, "Hancin namu ne. Kunnuwan dai na mai babur ne."

Na ce, "Inna, yaushe kika kalli kunnuwansa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa don dariya. Zaidu da ke bakin ƙofa ya fice ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Ta ce kada a cire majinginar, akwai ɗaya idon bayan kaka.

A gaida Kawu.

Taki,
Khairat