Muryar da Ta Ja wa Inna Dije

Riruwai.

Yaya Maimuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da Yaya Sadiq da yara. Yaya ƙafar Umma?

Da kunya nake rubuto miki, bakina ba zai iya a waya ba. Kin san littafin masu shan jinin nan da muke bi. Na uku ya fito, kuma bai yi min daɗi ba. Marubuciyar ta yi ta jan zance, ƙarshe ta ɗora komai kan wata tsohuwa mai suna Dije. Na ɗauki murya don in turo miki, ina cewa tun farko na san Dije ce ke shanye jinin yaran garin, idonta kaɗai ya isa shaida. Sai na yi kuskure na tura guruf ɗin matan unguwarmu.

Yaya, Inna Dije mai waina tana bayan gidanmu, ga 'yar maƙwabcinmu Shitu a kwance, an ce jininta ya yi ƙasa. Kafin in goge, muryar ta zaga gari. An daina sayen wainarta. Jiya yara suka jefi ƙofarta.

Ban ce komai ba tukuna. Nauyin surukina Malam nake ji, ba na so ya san irin abin da nake karantawa. Ki yi min addu'a.

Ƙanwarki,
Kulsum.

Yaya Maimuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, amsarki ta iso Riruwai, faɗan da kika yi min kuma daidai ne.

Na gaya wa Malam da kaina. Bai ɗaga murya ba, ya sa takalmi ya raka ni ƙofar mai unguwa. A gaban jama'a na karanta shafin littafin da ke maganar Dije, wasu na dariya. Shitu ya tashi ya ce zazzaɓin sauro ne ya kwantar da 'yarsa, haka aka faɗa a asibiti.

Daga nan na wuce gidan Inna, na durƙusa. Ta dube ni ta ce, "Na yafe miki, 'yar nan, ke kuskure kika yi. Su fa da suka yarda? A hannuna aka haifi rabinsu."

Ɗanta ya zo daga Tudun Wada ya tafi da ita ranar Talata. Ni na ɗaure mata tandarta a buhu.

Ki gaida Umma, amma kada ki faɗa mata.

Taki,
Kulsum.