Lamba ta Biyu da Na Goge

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'imarsa, na rubuto maka ne a kan wata magana da ya kamata in faɗa maka tun kana raye. Na san ba ka yi boko ba, na kuma san inda kake ba a kai wasiƙa. Na sa ta inda jama'a za su karanta ne saboda a gaban jama'a ka wanke ni, don haka a gabansu ya dace in faɗi gaskiya.

Ka tuna kalkuletar da ka kawo mini daga Maraɗi, shekarar da na shiga makarantar koyon aikin gona? Ka naɗe ta cikin ƙyalle, ka ce mai kanti ya tabbatar maka irin ta injiniyoyi ce. Duk wanda ya zo gaishe ka a Gangara sai ka sa na ɗauko ya gani. Tun daga ranar kaina ya kumbura, hula ma da ƙyar take zama.

Gona biyu kake nomawa. Akwai ta bayan gari, jigawa mai faɗi, wadda idan damina ta yi kyau sai an rasa inda za a jibge gero. Akwai kuma 'yar ƙaramar nan ta Turba da ka gada, a kwari, mai riƙe laima. Kowace shekara sai ka raba iri biyu. Kana cewa, "Ruwa ba shi sauka wuri guda, ni ma ba ni shuka wuri guda." Ni kuwa na tsani Turba. Hutuna na damina can yake ƙarewa: tafiya mai nisa bayan jaki, kwana a bukka, sauro, ga ciyawar kwari da ba ta jin fartanya.

Da aka yi damina biyu a jere ba su yi albarka ba, iri ya yi mana kaɗan. Wata rana bayan la'asar ka kira ni gindin gawo, ka ce tunda an samu mai ilimi a gida, in duba maka: a raba kamar kullum, ko a tattara ƙarfi wuri ɗaya? Ka riƙa lissafo dammunan da kowace gona ta ba ka, shekara bayan shekara, har goma sha biyu, dukansu da ka, ba takarda. Ina rubutawa ina mamakinka, amma ban nuna ba, kada girman boko ya zube.

Bari in gaya maka abin da yatsuna suka yi, tunda a lokacin kallo kawai kake yi. Na fara mayar da na'urar ɓangaren ƙididdiga. Na shigar da dammunan shekarar farko, na danna maɓallin da ke adanawa, na shigar da na biyu, na sake dannawa, har na gama, kowace gona daban. Daga nan lamba biyu ake nema. Ta farko ita ce matsakaici, wato idan aka haɗa shekarun aka raba daidai, nawa kowace za ta samu. Ta biyu tana ƙarƙashin wata alama mai kama da ludayi. A makaranta sitanda dibiyeshan muke ce mata. Ita ce ke faɗa maka yadda shekaru ke yin nesa da matsakaicin nan. In ta yi ƙanƙanta, gona mai alkawari ce. In ta yi girma, gonar tana iya cika maka rumbu bana, baɗi ta bar ka da kara.

Matsakaicin jigawa ya fi na Turba nesa ba kusa ba. Na karanta maka da ƙarfi, har da gyaran murya. Sai na danna ta biyu. Ta Turba 'yar kaɗan ce. Ta jigawa kuwa da ta fito, sai ga shi ta kusa kamo matsakaicin kansa. Kawu, na gane abin da take nufi. Ba a yi wata biyu da na ci jarrabawa a kanta ba. Cewa take yi mutumin da ba shi da ajiya a rumbu bai isa ya dogara da wannan gona ita kaɗai ba.

Ka leƙo ta kafaɗata ka ce, "Wagga ta biyun fa, mi tac ce?" Na ce ba komai, hannuna ne ya taɓa wani wuri. Na danna maɓallin gogewa.

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina ƙuruciya ce. Ba ƙuruciya ba ce, ina da gemu a lokacin. Ba na son komawa Turba ne, kuma ina son in zama wanda ya zo da sabon abu ya canza tsarin gida. Lamba ta farko tana goyon bayana, ta biyu tana goyon bayanka, sai na zaɓi wadda zan karanta maka.

Ka bi maganata. Ka ba wani ɗan'uwanku aron gonar Turba. Ka yi magana da Fulani suka zauna da shanunsu a jigawa duk rani, taki ya kwanta ko'ina. Muka yi binne, muka zuba irin gaba ɗaya cikin busasshiyar ƙasa muna jiran sama. Ruwan farko ya zo, gero ya fito kore shar, mutane na tsayawa a bakin hanya suna kallo. Ni ma nakan tsaya kusa, ko wani zai tambayi wanda ya ba da shawara.

Sai ruwa ya ɗauke. Kullum hadari ya haɗu ta gabas, mu fito muna kallo, iska ta watsa shi. Takin da muka yi alfahari da shi ya taimaki rana, shuka ta ƙone tun ba ta kai gwiwa ba. Abin da muka girba bai kai mu tsakiyar rani ba. Matarka, Inna Hajo, ta koma dafa tafasa da ɗan gari a kai, tana cewa ta riga ta ci a madafa, alhali duk mun san ba ta ci ba.

A Turba kuwa kwarin ya riƙe 'yar laimarsa. Ba a samu da yawa ba, amma an samu, kamar yadda aka saba.

Ranar da muka kora jaki zuwa can ita ce ba na iya mantawa. Kai da ba ka taɓa roƙon kowa ƙwayar hatsi ba, ka tsaya a ƙofar wanda ka ba aro, a kan gonarka ta gado, kana ta jan gaisuwa don ka kasa kawo maganar. Da ya gane, ya fito da dammuna ya ɗaura mana. Wani dattijo a wurin ya yi dariya ya ce ai ga aikin na'ura. Ka juya ka ce, "Lissahin ɗana daidai na. Ruwa na Allah bai kawo ba." Haka ka riƙa faɗa a kasuwar Sabon Birni, a Isa, a duk inda aka taɓa ni. Ina tsaye ina ji, ban buɗe baki ba.

A ranin nan ka tafi kudu neman abin da za mu ci, da furfurarka, kana ɗaukar kaya a tasha. Ni kuma ka hana ni barin makaranta. Ka rayu shekaru bayan haka, na sami dama sau ɗari in faɗa maka. Kullum sai in ce sai na gaba, har aka kira ni aka ce ka cika.

Yanzu ni ma ina koyarwa. Duk shekara idan muka zo wannan darasi, ɗalibai na ganin na cika tsanani, don ba na karɓar matsakaici daga hannun kowa sai da 'yar'uwarsa. Suna tsammani son lissafi ne ya yi mini yawa.

Makon jiya na je Gangara na zauna gaban Inna Hajo. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma hankalinta garau. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Yunwar nan tare munka sha ta, ni da shi. Na yahe maka nawa kaso. Na Kawunka kau, ba ni da ikon ba ka shi."

Gaskiya ta faɗa. Naka yana nan a wuyana, kuma babu wanda ya rage a duniya da zai iya sauke mini shi.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai daga ruwan da ba ya yankewa, Ya saka maka da alheri a kan kowane kaya da ka ɗauka a tasha saboda ni. Idan Ya tara mu ranar hisabi aka tambaye ka, ina roƙon Ya sanya maka tausayina kamar yadda Ya sanya maka a duniya, amma a wannan karon kana sane da abin da na yi.

Wassalam.

Ɗanka mai jin kunyarka,
Isiya