Ruwan Asabar Da Albasar Sale

Kudan, ranar Litinin.

Zuwa ga Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gaisuwa mai yawa. Yaya Ikko, yaya aiki, yaya Inna Larai da yara? Da fatan ƙafarka ta yi sauƙi.

Yaya, na karya wa ƙanenmu Sale hannu.

Kowace Asabar nakan zubar da ruwan tafkin wankan gidan Baturen gona, in kankare gansakuka, in cika, in zuba farin magani. Tsohon ruwan nakan sake shi ya bi lambatu zuwa albasar Sale. Makon jiya ruwan ya yi kore, Bature ya ce in ninka magani. Na ninka, da na zo sakin ruwan na manta ban tare lambatun ba. Albasa ta ƙone ƙurmus.

Ban kai ga cika tafkin ba, ina bakinsa sai ga Sale da fartanya. Ya ce, "Idi, da gangan ka kashe ni!" Kafin in buɗe baki ya kwaɗa mini ƙota, haƙorana biyu suka zube. Idona ya rufe, na ɗaga shi na maka shi cikin tafkin, ga shi babu ruwa. Da kunnena na ji ƙarar ƙashin.

Bature ya leƙo, ya ce in wanke jinin kafin baƙinsa su iso.

Don Allah ka rubuto wa Sale, maganarka yake ji. Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida. Shekaranjiya na sakar wa Sale ruwa mai kyau, amma ya sa aka toshe lambatun.

Ƙanenka,
Idi