Ɗakin Clara da ke Bayan Gida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni Mahmudu Zubairu, mazaunin Nassarawa GRA a Kano, nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya matsa mini. Likita ya faɗa mini abin da ya gani a hantata, na kuma gode masa da bai ɓoye ba. Zuwa gare ku 'ya'yana, Badaruddeen, Najla da Usaid.

Na ɗaya. A raba gado yadda Allah ya tsara. Ku kira Malam Haidar, limamin masallacinmu, kada ku kai juna kotu.

Na biyu. Cikin sulusin da shari'a ta bar mini, na ba Clara zaman ɗakinta na bayan gida muddin ranta, da abincinta da maganinta. Badaruddeen, na san masu gina otal suna zuwa wurinka. Ban hana ku sayar da gidan ba, amma ba tana raye ba.

Clara ta zo mana aikin gida daga Zonkwa tana matashiya. Da mahaifiyarku Sa'adatu ta rasu, Usaid yana rarrafe, ba ya karɓar kunu a hannun kowa sai nata. Da shi a baya take shara, da shi take wanki. Kirista ce, amma ita ke tashinku sallar asuba, ita ke dafa muku sahur. Ƙananan surori ma da kunne ta riƙe su, don ta gane in kun tsallake aya a hadda. Najla, ranar da kika fara girma kika tsorata, ba wajen gwaggonki kika gudu ba, ɗakin Clara kika shiga.

Na uku, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Clara tana da 'yarta, Tracy, wadda ta bari a hannun kaka. Sai lokacin Kirsimeti take ganinta. Shekarar da ƙyanda ta kama Tracy, Usaid yana kwance a asibiti. Na ce wa Clara ta tafi, ta ce yaron ba zai ci a hannun nas ba, ta zauna. Tracy ta warke, amma ba ta manta ba. Yanzu tana aikin jinya a Kaduna, ko da jikin uwarta ya shanye ba ta zo ba. Ta ce uwarta tana da 'ya'yan da za su duba ta. Kada ku ga laifinta. Usaid, ka je wurinta da ƙafarka, ba a waya ba. Kada ka kare kowa. Ka saurare ta har ta gama, sannan ka roƙe ta ta zo. In ta ƙi, ka sake komawa.

Na huɗu. Badaruddeen da Najla, gabar nan ta isa. Ranar sunan ɗanka ka ce a kai wa Clara abinci kicin saboda surukanka, Najla ta ɗauke ta suka bar taron. Ka yi kuskure, ɗana. Ke ma Najla, kalmar da kika jefa wa yayanki a gaban baƙi ba ta dace ba. Clara har yau ba ta san a kanta kuke faɗa ba. Kullum na leƙa ta, da bakinta da ya karkace, tambayarta ɗaya ce: me ya sa ba kwa zuwa tare.

Na biyar. In nata lokacin ya zo, ku kai ta Zonkwa kusa da mahaifiyarta, haka ta roƙa. Ku raka ta da kanku, ku tsaya har a gama, ko mutane za su yi magana.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya jiƙan Sa'adatu. Na yafe muku, ku yafe mini. Ku riƙe zumunci, kada ku bari nisa ko dukiya su raba ku.

Ranar da kuka dawo daga maƙabarta, kada Clara ta ji labarin rasuwata a bakin maigadi. Ku shiga wurinta ku uku, ku zauna a ƙasa yadda kuke yi kuna yara, ku faɗa mata a hankali. Za ta yi kuka, sannan ta tambaye ku ko kun ci abinci. Ko ba kwa jin yunwa, ku ci.

Mahaifinku,
Mahmudu