Mama Ta Yi Wa 'Yan Tsana Wanka

Maigida,

Na wuce aiki. Mama ta zo bayan fitarka, ta ga 'yan tsanan nan naka na fim ɗin katun, waɗanda suka kori kwanukana daga kabad. Ta ce shekara uku a kwali ba wanka ƙazanta ce. Ta sa almakashi ta farke kwalayen, ta dirje su da soso da sabulu. Zakin nan mai takobi ya rasa gira. Kwalayen suna bola.

Ni a wa zan hana ta? Kira ta ka yi mata karatun da kake min, wai in an buɗe kwalin, darajarsu ta zube.

Ta tambaye ni na wane yaro ne. Na ce na wanda ta haifa ne.